Gurbi Biyu, Kaset Uku

Abubuwa da yawa na zamana a Alƙahira sun shafe a kaina, har sunan layin da na zauna sai na yi da gaske nake tunowa. Amma abin da ya faru wata Juma'a bayan la'asar, a wani falo da ke unguwar Mohandessin, wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun ja, na yi aure, na haihu, amma duk ranar da ya faɗo mini sai abin ya dawo mini ɗanye. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ban huce ba.

A lokacin ina karatun injiniyan kwamfuta, ina zaune a unguwar Madinat Nasr tare da wasu ɗalibai 'yan gida. Ina da wata ɗabi'a da ta ishe su. Da na ji masu sayen tsofaffin kaya suna zagaya layi da amalanke, sai in sauka da gudu in duba ko akwai tsohuwar kwamfuta. Ba irin ta yanzu nake nufi ba. Irin ta zamanin iyayenmu, wadda take kamar faffaɗan allon rubutu, a jona ta da talabijin, a cusa mata kaset a wani gurbi da ke samanta. Masar cike take da su, don a da kusan duk gidan masu hali akwai ɗaya. Ƙarƙashin gadona ya cika da su, har 'yan ɗakinmu suka sa mini suna Hajiya Jari-Bola. Ban damu ba, don ni na san daɗin da nake ji in na tayar da wadda ta shekara talatin a mace.

Wannan suna ne ya kai labarina kunnen wata 'yar garinmu da muke kira Anti. Tana aure a Mohandessin, mijinta babban ɗan kasuwa ne mai harkar kawo marasa lafiya daga gida zuwa asibitocin Masar. Gidanta muke zuwa in kewar tuwo ta kama mu. Wata rana bayan mun ci abinci ta ja ni ɗaki, ta sauko da wani kwali daga saman kabad. A ciki akwai kwamfuta fara da ta koma ruwan ƙasa, da kaset guda biyu.

Ta ce ta yayanta ce. Mahaifinsu ya yi aiki a ofishin jakadancin Najeriya da ke Alƙahira tun suna yara, a nan suka tashi. Yayan nata kuwa ba shi da aiki sai wannan kwamfuta. Yana saurayi ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, Allah ya karɓi abinsa. Kafin ya rasu ya haɗa wani abu da hannunsa, ya adana a faifai irin ɗan murabba'in nan na roba, ya ce na mahaifiyarsu ne. Hajiya, mahaifiyar tasu, ba ta taɓa ganin abin da ke ciki ba. Faifan yana wurinta a gida Najeriya, a naɗe cikin ƙyalle. Yanzu idonta yana mutuwa, ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan saura kaɗan. Za a kawo ta a yi mata aiki, likita kuma bai ba da tabbacin komai ba.

"Abu ɗaya ta roƙe ni," in ji Anti. "Ta ce tana so ta ga abin nan kafin a taɓa idon. Za ki iya?"

Na ce zan iya tun kafin in buɗe kwalin da kyau. Haka bakina yake, yana riga kaina.

Da na kai ta ɗaki na duba, sai na ga inda gizo ke saƙa. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, amma na'urar karanta faifai da ke jikinta ta mutu murus, ba gyara. Ina da wata ta waje, sai dai ita ma da kaset ake jona ta, wato za ta cinye gurbi guda. Anti ta sa aka ɗauko mini hoton takardar da ke manne a faifan. Da rubutun marigayin an sa: kaset ɗin Larabci a gurbi na ɗaya, na kiɗa a gurbi na biyu. To ga kaset uku, na Larabci, na kiɗa, da na na'urar faifai. Gurbi kuwa biyu ne tak.

Bari in ɗan yi muku bayani, don sai da shi za ku gane abin da aka yi mana. Irin wannan kwamfuta ba ta san kaset da sunansa ba, da lambar gurbinsa ta san shi. In manhaja tana son ta rubuta harafi a talabijin, sai ta aika kira gurbi na ɗaya ta ce a ba ta. In tana son sauti, ta aika na biyu. Yaran wancan zamani haka suke rubuta manhajarsu, su kafe lambar, don ba su taɓa tunanin wata rana za a canja wa kaya mazauni ba. In ta aika kira ba ta sami amsa ba, sai kwamfutar ta rikice ta koma farko.

Na yi kwanaki ina juya abin. Kaset ɗin kiɗa ba ya kwafuwa, don shi da kansa yake fitar da sautin. Na faifai dole ya zauna. Amma na Larabci ba komai a cikinsa sai siffofin haruffa, su kuwa ana iya kwashe su. Sai na kwashe su na zuba a sabon faifai, na rubuta wata 'yar manhaja tawa. Da an kunna kwamfuta, ita ce take fara tashi. Ta ɗauki haruffan nan ta ajiye su a wani lungu na ƙwaƙwalwar kwamfutar da ba a amfani da shi, sannan ta tsaya a bakin hanya. Duk kiran da ya nufi gurbi na ɗaya neman harafi, sai ta tare shi ta kai shi lungun. Manhajar marigayin za ta ɗauka kaset ɗinta yana inda ta san shi, alhali yana cikin jakata. Kamar dai ɗan aiken da aka tura gidan da masu shi suka tashi, sai ya tarar da maƙwabci a ƙofa ya miƙa masa saƙon da aka bari.

Akwai aiki na biyu da na ɗora mata, wanda ya fi na farko muhimmanci. Faifan da ya shekara da shekaru a ƙyalle, cikin zafi da damina, fatarsa ta riga ta yi laushi. Sau da yawa karatu ɗaya yake jurewa, in aka maimaita sai fatar ta fara saɓulewa. Don haka na tsara manhajata ta bi faifan Hajiya sau ɗaya, a hankali, daga farko zuwa ƙarshe, ba ta komawa inda ta wuce, tana zuba abin da ta samu a sabon faifai. Daga nan a mayar wa Hajiya nata, mu yi ta kallon kwafin har mu gaji.

Watanni na yi a kan wannan. Na gwada da tsofaffin faifai na wasanni da na karatun yara, wasu suka ƙi, na gyara, na sake. Ranar da na ga haruffan Larabci sun fito reras, ga kiɗa yana tashi, ga kaset ɗin Larabcin a tafin hannuna, ihun da na yi sai da maigadin gidanmu ya hauro yana tambayar ko gobara ce.

Hajiya ta iso ana saura 'yan kwanaki a yi aikin. 'Yar siririyar tsohuwa ce mai sanyin murya, in za ta kalle ka sai ta karkata kai ta matso da fuskarta dab da taka. Na je gaishe ta, na zauna a ƙasa na yi mata bayanin komai da Hausar da za ta gane. Ta saurara har na gama, sannan ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ni ban san kan abin nan ba. Yadda kika ce haka za a yi. Ni dai in gani." Muka sa ranar Juma'a.

Ranar na shiga motar haya da kwamfuta a cinyata, na rungume ta kamar jaririya. Ina shiga falon na ga abin da ban yi tsammani ba. Alhaji, mijin Anti, yana gida, ga abokansa biyu a kan kujera ana shan shayi. A kan tebur kuma ga wani koren allo da gurabe huɗu a jere, sabo fil, an ɗora shi a kan ledarsa.

"Injiniya, kin iso?" Haka yake kirana, da wata 'yar dariya a ƙarshe. "Na ji an ce kin yi watanni kina fama da gurbi biyu. Ai da kin yi magana tun farko. Ga huɗu nan na sa an nemo. Ki jona wannan, ki zuba kaset ɗinki duka, khalas, shi ke nan."

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa, ba da mugunta ya yi ba. So yake a ce shi ya share wa surukarsa hawaye, kuma a faɗa a gaban mutane. Allon ma ba na bogi ba ne, yana aiki. Ana cusa shi a gurbi ɗaya ya raba shi gida huɗu. Amma da ya raba, adireshin kaya ya canja. Kaset ɗin Larabci ba ya gurbi na ɗaya kuma, yana wani ɗaki a cikin gurbi na ɗaya, tsohuwar manhaja kuwa ba ta san da wannan ɗakin ba. Tawa ma ba za ta tashi a kansa ba, don ba a kan wannan tsarin na gina ta ba.

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa wannan duka. Na ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma in aka sa faifan nan a kan allon nan, kwamfutar za ta nemi haruffa ta rasa, ta koma farko ta sake karantawa, ta sake, ta sake. Faifan ba zai jure ba. A bar ni in kwafe shi tukuna, minti kaɗan ne. Bayan nan a gwada allon da kwafin, ko sau ɗari ne."

Ɗaya daga cikin abokan ya yi dariya ya ce 'yan boko ba sa son abu mai sauƙi. Fuskar Alhaji ta canja. Ya ce mutumin da ya sayar masa ya fi shekara talatin a wannan sana'a, kuma ya ce tamam, daidai yake. Na ce mutumin bai ga faifan ba. Anti ta ƙifta mini ido, na yi kamar ban gani ba. Na ce wallahi ni ba zan jona shi da hannuna ba.

Sai Alhaji ya juya wajen da Hajiya take. Tana zaune a kan darduma can gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kanta a sunkuye tun shigowarsa. Kun san yadda iyayenmu suke da mijin 'yarsu. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta kama sunansa, ko ruwa ba ta sha a gabansa. Ya rage murya cikin ladabi ya ce, "Hajiya, kayanki ne. Abin da kika ce shi za a yi."

Na zuba mata ido. Na ga yatsunta sun ƙanƙame ƙyallen da faifan ke ciki. Sannan, ba tare da ta ɗago ba, ta ce wa 'yarta, "Ya yi ɗawainiya. A sa abin da ya kawo."

Na ce, "Mama!" Anti ta damƙe mini hannu har sai da farcenta ya shige ni.

Alhaji da kansa ya jona allon, ya jera kaset ukun, matarsa ta karɓo faifan wurin Hajiya ta miƙa masa, ya tura. Ya tsaya a gefen talabijin, hannu ɗaya a kansa. Ya ce yalla, mu je, ya kunna.

Na'urar ta yi ƙara, fitilarta ta kama. Talabijin ya yi shuɗi. Sai hoto ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi, da manyan ɗigo irin na wancan zamani. Mace ce a zaune a gaban keken ɗinki, da jan ɗankwali, ga taga a gefenta da hasken rana. A ƙasan hoton akwai wani baƙin fili inda rubutu zai fito. Nan manhajar ta aika kira neman haruffa, ba ta sami kowa ba. Hoton ya ɗauke, na'urar ta koma farko.

Na yi ihu, "Mama, taso ki gani! Taso!"

Ta ɗago kai, amma daga inda take ba abin da idonta zai kama sai haske. Dole sai ta zo dab da gilashin talabijin, ta kusa manna fuskarta, kafin ta gani. A jikin gilashin kuwa surukinta ne a tsaye. Na ga ta yunƙura, ta dafa ƙasa, sai ta koma ta zauna.

Hoton ya sake saukowa, wannan karon ya tsaya a kafaɗar matar ya ɗauke. Ƙarar na'urar ta canja, ta koma wani ƙiƙi-ƙiƙi kamar ana kankare ƙanzo. Na fizge hannuna na yi kan soket. Alhaji ya tare ni da hannu ya ce in bar shi, lodi yake yi, sabon abu sai ya ɗan yi zafi. Na ce cinye faifan yake yi! Ya ce in san da wa nake magana. Kafin Anti ta iya janye mijinta gefe, ta kamo uwarta ta kawo gaban talabijin, abin da ke fitowa jan layi ɗaya ne a sama, saman ɗankwalin. Hajiya ta manna fuskarta. Shi ma ya ɗauke. Sai shuɗi.

Na zare filogin. Na fitar da faifan, na ja murfin ƙarfensa na ɗaga shi saitin taga. Haske yana ratsa shi ta wani siririn zobe inda fatar ta saɓule, ga baƙin gari ya shafe sauran.

Kun san abin da Alhaji ya ce? "Ma'alish, a yi haƙuri. Dama faifan ya tsufa. Allah bai yi za a gani ba." Abokansa suka ce haka ne, haka ne. Wannan maganar ita ta fi ƙona mini rai, har gobe. Mutum ya yi ɓarna da hannunsa, an faɗa masa, an roƙe shi, sannan ya ɗauki sunan Allah ya lulluɓe ta. Hajiya kuwa, da bakinta, ta ce a yi masa godiya. Na kwashi jakata na fita ko sallama ban yi ba. A matattakala na zauna na yi kuka mai isata.

Washegari Anti ta aiko mini da faifan, yanzu da ba abin da ya rage a tsare. Na kai wa wani Bamisire da ke da na'urar ceto irin waɗannan. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce garin da ya saɓule ya bi ya goge ko'ina. Ya tambaye ni wa ya yi wannan aika-aika. Na ce masa baƙo ne.

Ana gobe za a shiga da Hajiya aiki na koma gidan, na tabbatar Alhaji ba ya nan. Na same ta ita kaɗai a ɗaki tana jan carbi. Na faɗa mata ba a sami komai ba. Ta ce ta sani. Ni kuma abin yana cina, na kasa riƙewa, na ce, "Mama, don Allah me ya sa? Kin ce yadda na ce haka za a yi."

Ta ce, "Mijin 'yata ne. A gaban abokansa. Da wane bakin?"

Sai ta lalubo hannuna ta ce, "Ke kin gani. Faɗa mini."

Na faɗa mata. Na ce mace ce a gaban keken ɗinki, da jan ɗankwali, ga taga. Ta yi murmushi ta ce tana da jan ɗankwali a lokacin, keken ma nata ne, a bakin taga take ajiye shi. Sannan ta ce, "Fuskar fa? Ya kama ni?"

Sai a lokacin na lura da abin da idona ya gani amma kaina bai ɗauka ba. Na ce, "Mama, babu fuska. Ta baya ya zana ki."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Ɗan fari ne," ta ce. "Ban taɓa kiran sunansa ba. In ya shigo sai in juya in kama wani aiki, kada a ce ina rawar kai a kan ɗa. Ranar da ya gama abin nan ya zo ya tsaya a bayana, ya ce in zo in gani. Na ce ni ina ruwana da shirmenka. Ina ji ya daɗe a tsaye, sannan ya tafi." Ta goge idon da ya riga ya mutu da gefen mayafi. "Bayan nawa ya fi sani. Me zai zana?"

An yi aikin, bai yi ba. Ta koma gida ana riƙe da hannunta.

Ni Bahaushiya ce, da kunya aka raine ni, kuma ina koya wa 'ya'yana ita. Amma tun daga ranar na san tana da iyaka. Na ga ta raba uwa da ɗanta yana raye, ta dawo ta sake raba su yana kabari, kuma duk falon aka kira abin ladabi. Abin da na koya shi ne, in abu ɗaya ne tak a duniya kuma ba a sake samunsa, to a buɗe baki a ce a'a, ko wane ne a tsaye a wurin. Wanda aka ƙi wa zai ji haushi ya huce. 'Yata ta fari kuwa, sunanta nake kira da ƙarfi, kuma duk shirmen da ta zana ta kawo mini, ajiye abin da ke hannuna nake yi in juyo in duba.